Kaske Biyu da Kunnen Baba

Ni dai tun ina yaro ba a yi mini shaidar haƙuri ba, kuma girma bai gyara ni ba. Idan na ce nawa ya fi, to ya fi, ko da za a wuni ana musu har rana ta faɗi. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ɗauka ni mutum ne da ya saba haɗiye magana. Ban saba ba, kuma ranar da na yi, ban ji daɗinta ba ko kaɗan.

A shekarun tamanin ina tuƙa mota a Keita, wajen wasu turawa da suka zo aikin jera duwatsu a kan tuddai don tare ruwan sama. Wanda nake ɗauka wani dogon bature ne mai jan wuya. Ba ya son surutu, ba ya son tuwo, ba ya son komai a duniya in ban da wani abin sauraro da yake kifawa a kai idan an tashi aiki. Kaske muke ce masa, yadda masu faransanci ke faɗa: marufai biyu, ɗaya a kowane kunne, da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya haɗa su ta saman kai, da waya da ake sokawa a jikin rediyo. Da zarar ya sa shi sai ya rufe ido ya yi tsit, ko gobara ta tashi sai dai a taɓa shi. Akwati gare shi na musamman, mai jar shimfiɗa a ciki. Ni da nake tuƙa mutumin safe da yamma ban taɓa kwanciya a kan shimfiɗa mai laushin wannan ba.

Ranar da zai koma ƙasarsu ya kira ni ya miƙa mini akwatin. Gaskiya agogonsa na sa wa ido, amma na karɓa hannu biyu na yi godiya. Ya tsayar da ni ya yi ta bayani: a Jamus aka ƙera shi, kada ya sha rana, kada in ba kowa aro, kuma wai idan na saurara da kyau zan gane inda kowane makaɗi yake zaune. Na ce a raina, wannan zafin Keita ne ya taɓa masa kai.

Da na koma ɗaki na sa wani tsohon kaset na mai goge da na daɗe da shi, na kifa abin a kai. Jama'a, sai na ji izgar tana gogar tsirkiya kamar a gaban hancina. Na ji mai gogen yana jan numfashi kafin ya ɗauki waƙa. Masu ƙwarya biyu ne ashe, ɗaya a dama, ɗaya can baya kaɗan, ni kuwa duk zamana da kaset ɗin na ɗauka mutum ɗaya ne. Can sai wani ya yi tari a bayana ta hagu, na zabura na waiwaya, har na ce wa ke nan. Ba kowa sai bango. Tarin a cikin kaset yake, shekara da shekaru mutumin yana tarinsa a ciki ban sani ba.

Daga ranar na zama abin gudu. Duk wanda na kama sai na yi masa wa'azin kunne.

Da kaka ta yi na samu hutu, na ɗauki akwatina na nufi gida. Ƙauyenmu yana gindin dutse, tsakanin Buza da Deule, kuma duk wanda ya san yankin a lokacin ya san mahaifinmu, ko da bai san fuskarsa ba. Maginin rumbu ne, irin manyan rumbunan laka da ake ɗorawa a kan duwatsu. Amma ba ginin ne ya ɗaukaka shi ba, kunnensa ne. Kafin mutum ya zuba hatsin shekara a tsohon rumbu, sai ya aiko a ɗauki Baba. Ya zagaya rumbun yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, ya kara kunne, ya ce nan lafiya, nan akwai tsaga a ciki da ido bai gani ba, nan gara ta cinye ta bar fanko. Idan ya ce a zuba, a zuba. Idan ya ce a fasa, ko rumbun sabo ne fil sai a fasa, kuma sai a iske abin da ya faɗa. A ƙasar da ruwa ke yi wa mutane rowa, wanda ke tsare maka hatsin shekara ba ƙaramin mutum ba ne. Ana ba shi dami, amma ba damin ne ya dame shi ba. Tashin da ake yi a ba shi wuri idan ya shigo taro, shi ne abincinsa.

Abin da mutane ba su sani ba, kunnen nan ya tafi. Inna ce ta gaya mini a sallar da ta wuce, ta ja ni bayan ɗaki ta riƙe mini hannun riga.

"Kunnen ubanku ya tahi," ta ce. "Shekara biyu ke nan. Ni ɗai nis sani, yanzu kai na biyu. In na ji zancen ga bakin wani, na san daga inda yah hito."

Na yi mamakin yadda ya ɓoye abin har tsawon wannan lokaci, sai da na zauna na lura. Ashe a ƙasarmu mutum zai iya kurumcewa shekara goma ba a gane ba, muddin ya iya gaisuwa. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, babu gajiya. Ina gida, lafiya lau. Layi ɗaya ne tun kakanni, ba ya sauya wuri, ko ba ka ji ba ka san wadda ke biye. A masallaci yana bin sahu. A majalisa kuwa ya rage magana, sai gyaɗa kai da "Allah shi kyauta", wadda ke shiga kusan ko'ina. Sau ɗaya ta ci amanarsa, ranar da aka zo masa da albishir ɗin haihuwar tagwaye, amma uban tagwayen da kansa ya ce amin da ƙarfi, don haka ba wanda ya lura. Mutane suka ce tsufa ya ƙara masa zurfi. Idan magana ta zama dole, Inna sai ta zo gabansa ta maimaita da ƙarfi kamar mai yi masa faɗa, shi kuma yana kallon bakinta. Har aka fara cewa tsohuwar ta lalace da masifa, ta ji, ta haɗiye.

Rumbu kuwa bai daina zuwa ba. Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunnen da ba ya ji, ya ɗaure fuska, sa'an nan ya nuna duk inda idonsa bai yarda da shi ba ya ce a ƙara yaɓe.

Yayana bai san komai ba. Shekara uku yana Abijan wajen bida, wato ci-rani, sai wannan daminar ya dawo, kuma tun da ya dawo bakinsa bai huta ba balle ya lura da kunnen wani. Na iske shi a ƙarƙashin rumfar ƙofar gida da wata ƙatuwar rediyo mai cin pil takwas, wato batir, mutane sun kewaye shi, a kansa kuma ga wani kaske kamar an kifa masa ƙoƙuna biyu. Baƙi ne wuluk, na Japan, kowane kunne da nasa maɓallin ƙara murya, wayarsa a murɗe kamar tsiron kabewa. Raina ya ɓaci nan take. Na yi tafiyar yini guda ina shirya yadda ƙauye zai buɗe baki, ashe an riga ni.

Bayan gaisuwa na buɗe akwatina a hankali, don a ga jar shimfiɗar. Yaya ya leƙa, ya ɗaga nawa da yatsa biyu.

"Wanga shi na kasken? Ƙanena, an cuce ka. Ai ko nauyi ba ya da. Baturen ya cire kayan ciki ya ba ka kwanso."

"Yaya, ba a awon kaske ga sikeli, ba albasa ta ba."

"Ɗauki nau ka ji abin da anka kira kiɗi."

Na sa nasa. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: abin yana da ƙarfi. Ƙwaryar nan ta dinga dukan ƙirjina kamar ana daka a tsakar kaina. Amma mai gogen ya koma can ƙarƙashi, kamar an rufe shi da bargo, masu ƙwarya biyu suka dunƙule suka zama ɗaya, mai tarina kuwa ya ɓace gaba ɗaya. Ga zufa. Kafin waƙa ɗaya ta ƙare kunnuwana sun jiƙe sharkaf. Na cire na ce masa wannan ba sauraro ba ne, duka ne. Shi kuma ya sa nawa, ya murɗa rediyon har ƙarshe, ya ce sauro ne ke kuka a cikin gwangwani.

Kwana shida muka yi a kan wannan. Aka bar zancen gero, aka bar zancen farashin awaki a kasuwar Buza, duk wanda ya taso daga gona sai rumfarmu. Mahaucin garin ya sa duka biyun, ya ce na Yaya yana da kitse, nawa jan nama ne zalla, kuma shi bai taɓa ganin wanda ya ƙi kitse ba sai marar lafiya. Yana faɗa yana ihu, don bai cire kasken ba, har matan cikin gida suka ji. Tela ya ce a'a, nawa ɗinkin hannu ne, ana ganin kowane zare, na Yaya kuwa ɗinkin buhu. Na so in rungume telan nan. Malamin lakwal, wato makarantar boko, ya saurara ya yi dogon jawabi da faransanci, ba wanda ya gane ɓangaren da ya bi, kowa ya ce nasa ya yaba. Liman ma ya tsaya wucewa, ya yi sallama sau uku, wanda ke sanye da na Yaya bai amsa ba. Na ce kun gani, kasken da ke hana amsa sallama ai ba na musulmi ba ne. Nawa bayansa a buɗe yake, kana jin kiɗa kana jin duniya. Yaya ya ce shi ya sa kowa ke jin abin da kake saurare, ba ya da sirri, kamar ɗakin da ba ƙofa.

Akwai wani abu ɗaya da na yi ta yi masa gori a kai. Kan wayar kaskensa kauri gare shi kamar babban yatsa, ramin rediyon kuwa ƙarami ne. Sai da ya je Madawa wani mai gyaran rediyo ya yi masa ƴar gajeriyar waya ta haɗi: kai ɗaya siriri ya shiga rediyo, ɗaya kan kuma mai baki ne da ke karɓar ƙaton. Muddin siririn kan yana cikin rediyo, rediyon ba ta magana a waje, ko akwai kaske a ɗaya gefen ko babu. Bakin kuwa ya yi sako-sako, da kyauron roba yake ɗaure shi.

A rana ta shida mahaucin ya gaji.

"Ku dakata," ya ce. "Mu duka mahaukata na. Muna gardamar kunne, ga mai kunnen ƙasar ga duka cikin gida zaune? A kira tsoho shi raba ku."

Rumfa ta ɗauka. Yaya ya buga cinya ya ce ya yarda, abin da Baba ya faɗa ya zauna.

Nan ne ya kamata in ce a'a. Dalilai sun fi goma a bakina: Baba dattijo ne, ba ya sauraron goge, bai kamata a sa shi cikin wasan yara ba. Ko ɗaya na faɗa, da an bari. Amma Yaya ya kalle ni yana murmushi ya ce, "Ko kana tsoro?" Sai na ji bakina ya ce, "A kira shi." Na san abin da na sani, na kuma ce a kira shi. Wannan ita ce kunyar da ban taɓa wankewa ba.

Inna ce ta kai masa saƙon, a gabanmu, da muryar faɗanta. "Ɗiyanka na so ka raba musu gardama! Ka saurari abin kunnen ga biyu, ka hwaɗi wanda yah hi!" Baba ya kalli bakinta, ya kalli Yaya, sa'an nan ya kalle ni. Na sunkuyar da kai ina gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Ba shi da hanyar ƙi. Mai kunnen ƙasa ba zai ce ba zai saurara ba sai ya kawo dalili. Ya ce to, bayan la'asar. Da muka fito Inna ta bi ni da wani kallo da na gwammace mari a kansa.

Bayan la'asar rumfa ta cika har waje. Aka shimfiɗa wa Baba buzu a tsakiya, aka aje rediyo a gefensa, ni ina tsaye kusa da ita, Yaya a ɗaya gefen yana ta hura ƙurar da babu ita a kan nasa. Aka zaɓi kaset ɗin mai gogen nan nawa, Yaya ya ɗaga shi sama ya nuna wa kowa kamar mai dabo. Baba ya cire hula ya aje a gwiwa.

Nawa aka fara. Na kifa masa da kaina. Ya ɗora yatsu biyu a bayan marufin, yadda yake ɗorawa a jikin rumbu, sai na gane dabararsa: da yatsa zai ji motsin abin. Muryar gogen tana ɗan fitowa siririya, na kusa suna ji. Ya daɗe. Da ya cire sai ya juya shi a hannu, ya ce, da ƙarfi kaɗan fiye da yadda ake bukata:

"Wanga an yi shi da laka mai kyau. Maginin ya san aiki. Amma ginin ya yi siriri, ba ya ɗaukar hatsi da yawa."

Rumfa ta ce Allahu akbar. Abin haushi, bai yi ƙarya ba, ko baturen ya taɓa cewa ƙarfin ganga ba shi ne gwanintar wannan kaske ba. Na ciji leɓe.

Sai na Yaya. Yaya ya zare nawa, ya soka ƴar wayarsa ta Madawa, ya ɗora wa Baba ƙoƙunan nan, ya danna maɓallin kaset. Nauyin abin ya sa Baba ya gyara zama, ya juya kai gefe. Murɗaɗɗiyar wayar ta miƙe, ta ja, kyauron roba ya zame, ƙaton kan nan ya fice daga bakin ƴar wayar ya faɗo a kan tabarma, daidai gaban ƙafata. Ko ƙara bai yi ba. Siririn kan yana nan cikin rediyo, don haka rediyo ta yi gum, kaset na ta juyawa. Idon kowa yana kan fuskar Baba. Ni kaɗai nake kallon ƙasa, don tun ɗazu kunya ta hana ni ɗaga kai.

Na ɗago na ga yatsunsa biyu suna yawo a bayan marufin. Suka tsaya nan, suka koma can, suna neman motsin da babu shi. Ba shi da yadda zai san ko abin ne ya mutu, ko yatsunsa ne su ma suka bi kunnen. Sai ya rufe ido, ya fara gyaɗa kai a hankali, yana bin kiɗan da ba a yi.

Kalma uku kawai nake bukata: waya ta fita. Da na faɗe su, kasken Abijan ya zama abin dariya har jikoki, kuma duk hukuncin da za a yanke ya rushe. Kuma da na faɗe su, mutum arba'in sun ga mai kunnen ƙasa yana rausaya kai ga shiru. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, kalmomin sun zo har bakin haƙorana. Ƙafata ce ta riga harshena, ta taka kan wayar ta rufe shi. Harshen bai yafe mata ba har dare.

Baba ya fara magana, ido a rufe.

"Madalla. Ga mai gogen nan tsakiya. Ga masu ƙwarya dama gare shi, hannunsu ɗaya." Ya ɗaga yatsa, rumfa ta yi tsit. "Wanga shina da ciki. Ko'ina ka taɓa shina amsawa." Ya ƙara karkata kai. "A'a. Ga wata macce can ta yi guɗa, nesa, awa daga bayan gari."

Na san kaset ɗin nan kamar tafin hannuna. Akwai tari, akwai numfashi, akwai inda wani ya ture kwano. Babu guɗa. Ina jin daga wani bikin ƙuruciyarsa ya ɗauko ta, ya ga wurin ya dace da ita. Yaya ya buɗe baki, ya rufe, sa'an nan ya daka tsalle.

"Kun jiya? Guɗa! Ni kaina da nike da abin ban taɓa jin ta ba! Ƙanena, naka ya hiddo guɗa?"

"Bai hiddo ba," na ce. Wallahi kamar ina tauna tsakuwa.

Baba ya sauke kasken ya riƙe a cinya. Idon magini gare shi, ba ya barin layi sai ya ga ƙarshensa. Ya bi murɗaɗɗiyar wayar da kallo, daga hannunsa, ta kan buzu, ta kan tabarma, har inda ta shige ƙarƙashin ƙafata ba ta fito ta ɗaya gefen ba. Ya dubi ƴar wayar Madawa tana reto a jikin rediyo, bakinta wayam. Sa'an nan ya ɗago ya dube ni. Kallon bai daɗe ba. Ya mayar da hularsa.

"Na babba ya hi," ya ce, ya tashi ya shige gida.

Abin da na sha a rumfar nan ba ya faɗuwa. Mahauci ya ce in kawo nawa ya rataya a rumfarsa ya kori ƙuda. Tela, wanda na ɗauka nawa ne, ya ce shi dama tun farko ya ga alamar siranta. Yaya ya dafa kafaɗata a gaban jama'a ya ce kada in damu, duk ranar da na so jin kiɗan gaske zai ba ni aro, muddin na wanke kunne. Na durƙusa kamar mai kakkaɓe yashi, na mayar da kan wayar a bakin ta Madawa na ɗaure robar. Tuwon yamma bai shiga ba. Ina jin haushin Yaya, ina jin haushin mai gyaran Madawa, amma a ƙarƙashin haushin akwai wani sanyi: na ɓata, na kuma gyara, asirin tsoho yana nan a rufe.

Washegari da hantsi wani mutum ya zo daga wata tunga ta bayan dutse, ya ɗaure jakinsa a ƙofar gida. Ya gama girbi, yana so a duba masa rumbu kafin ya zuba. Akwai mutum biyar ko shida a rumfa, har da mahaucin. Baba ya fito, suka gaisa layi-layi ba kuskure. Mutumin ya fara bayanin abin da ya kawo shi, Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Ba ni jin abin da kaka hwaɗi," ya ce, da muryar da ta kai har bakin rijiya. "Kunnena ya mutu. Shekara biyu ke nan ban ji rumbu ya amsa ba. Duk wanda na duba ma rumbu cikin shekarun ga biyu, a gaya mai shi sake neman wani."

Ba wanda ya motsa. Mahauci ya cire hula ya mayar. Yaya, wanda ke zaune da ƙoƙunansa a wuya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To guɗar hwa?" ya ce. "Ni na ji ta yau da sahe! Sau biyu!"

Ba wanda ya yi dariya a lokacin, sai daga baya, kuma har ya tsufa bai janye ba.

Ni kuwa jinina ya hau. Baba ya juya ya shiga zaure, na bi shi, na tsaya a gabansa inda zai ga bakina, na manta da ladabi.

"Baba, don mi? Na rufe! Ba wanda yag gani! Na sha kunya gaban gari duka, a banza?"

Ya kalli bakina har na gama.

"Na ga ƙahwarka," ya ce. "Uwarka ta zama mai masihwa saboda ni, na yi shiru. Jiya ɗana ya taka gaskiya da ƙahwa saboda ni. Ƙaryar kaske ba ta kashe kowa. Wanga mutum hatsin ɗiyansa na zai zuba."

Na ji tausayinsa, na ji haushinsa, na kuma ji kunyar kaina, duka a lokaci ɗaya.

Mai jakin bai tafi ba. Ya leƙo zauren ya ce ko ba kunne, a zo a duba masa da ido, shi ya yarda. Na maimaita wa Baba da ƙarfi. Ya nuna ni da haɓa.

"Taho. Kai da ka cika gari da zancen kunne kwana shida. Ni in buga, kai ka ji."

Muka bi bayan jakin har tungar. Rumbun babba ne, tsoho, Baba ne ma ya gina shi tun ban yi wayo ba. Ya shafa jikinsa da tafin hannu, ya nuna mini inda zan kara kunne, ya ƙwanƙwasa. Na ji gum. Ya matsa taku biyu ya ƙwanƙwasa. Na ji gum. Ya zagaya gefen da rana ba ta bugu, ya durƙusa, ya buga ƙasa-ƙasa kusa da duwatsun. Ya ɗago ya zuba wa bakina ido.

"Ɗaya na, ko sun bambanta?"

Na ƙara manna kunne har laka ta shiga gashina. Na riƙe numfashi. Na so in ce masa wani abu, ko mene ne, na ga yadda yake jira. Amma mai hatsin yana tsaye a bayanmu da matarsa.

"Ban sani ba, Baba."

Ya sake bugawa, da ƙarfi. Ya sake, ya sake, yana kallona, har fatar bayan yatsansa ta sale. Na girgiza kai. Ya dubi yatsan, ya goge a jikin riga, ya gaya wa mutumin sunan wani magini a Deule, ya ce kada ya zuba ko zangarniya ɗaya sai wancan ya zo. Mutumin ya kawo dami, Baba ya ƙi karɓa.

Muka kamo hanyar gida ta cikin duwatsu, shi a gaba, hannuwansa a baya, ni ina biye. Akwai maganar da nake so in faɗa masa tun jiya. Sau biyu ina kiransa daga baya, Baba, Baba, kafin na tuna.